Sawun Taya a Bakin Teku: Dalilin Ƙayyade Tuƙin Mota a Gaɓar da Aka Keɓe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku, ko ya ga hotonsa a littafin labarin ƙasa, abin da ido zai fara nuna masa shi ne fili fetal na rairayi, babu itace, babu gona. Saboda haka idan aka gaya masa cewa akwai ƙasashen da sai mutum ya yanki takardar izini kafin ya sa tayar motarsa a kan wannan rairayi, har ma an shafe shekaru ana tafka shari'a a kan haka, yana iya ɗaukar abin a matsayin neman magana. Me mota za ta ɓata a wurin da babu komai? Amsar da masana ilmin halittu suka samu bayan doguwar lura ita ce, wurin cike yake da rai, sai dai mazaunansa ko dai suna binne ƙarƙashin yashi, ko launinsu ya saje da shi, ko kuwa sai dare ya yi suke fitowa. Ɓarnar da taya ke yi musu kuwa ta danganta ne da inda ta taka, da sa'ar da ta taka, da kuma watan da ake ciki. A kan waɗannan abubuwa uku ne ake gina dokar tuƙi a gaɓar teku.

Yadda gaɓa take

Da yake yawancinmu mun tashi nesa da teku, ya dace a fara da bayanin wurin. Ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya kamar na tafki. A mafi yawan gaɓoɓin duniya yakan ciko ya janye sau biyu a tsakanin yini da dare, saboda ƙarfin jan da wata da rana suke yi masa. Wannan kai-komo ya raba gaɓa gida uku. Akwai jiƙaƙƙen yashi mai tauri, wanda ruwa ke rufewa ya kuma buɗe. Sama da shi akwai busasshen rairayi mai laushi, inda cikowar ruwa ba ta cika kaiwa ba. Can baya kuma akwai tuddan rairayi waɗanda iska ta tara, ciyawa ta riƙe.

A kan iyakar jiƙaƙƙen yashi da busasshe ne igiyar ruwa ke jibge ciyawar teku da guntayen itace da ɓawon matattun halittu, su yi dogon layi. Baƙo zai ce shara ce, alhali kuwa ita ce rumbun gaɓar baki ɗaya. A cikinta ƙwari da tsutsotsi da wasu ƙananan halittu 'yan uwan jatanlande suke rayuwa, su kuma tsuntsaye su zo su ci. A cikinta kuma irin ciyawa da guntayen saiwa suke samun danshi su tsiro, su tare rairayin da iska ta kwaso, sannu a hankali sabon tudu ya taso. Ciyawar da ke riƙe tuddan tana yaɗuwa ne ta wata saiwa da ke tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda tofa ke yi a fadamunmu. Idan taya ta kakkarya wannan saiwa, iska sai ta sami ƙofa, ta yi ta kwashe tudun, kuma tudun nan shi ne katangar da ke tsakanin guguwar teku da gidajen mutane.

A shekarun 1970 wasu masana daga Jami'ar Massachusetts, cikinsu da Paul Godfrey da Stephen Leatherman, sun yi gwaji a gaɓar Cape Cod ta Amurka, inda suka riƙa bi da mota ta sassa daban-daban suna auna abin da ya biyo baya. Sun gano cewa jiƙaƙƙen yashi shi ya fi jure wa taya, domin ruwa na dawowa ya share sawun, amma layin tarkace da ciyawar tudu ba sa jurewa, kuma mafi yawan ɓarnar motocin farko ne suke yin ta. Wato rage yawan motoci kawai ba ya ceton ciyawar tudu. Sai an hana su hawa ɗungum.

Mazauna uku

Na farko ƙaguwar rairayi ce, wadda masana ke kira Ocypode, fara-fara mai gudun tsiya. Da rana tana cikin raminta, da dare ta fito kiwo a bakin ruwa. Thomas Wolcott da Donna Wolcott sun buga sakamakon bincikensu a 1984, wanda suka yi a gaɓar Cape Lookout da ke Jihar Karolina ta Arewa, inda suka nuna cewa ƙaguwar da ke cikin rami takan tsira ko da mota ta bi ta kanta, amma motar da ta bi da dare tana murƙushe su da yawa. Daga baya Thomas Schlacher da abokan aikinsa a Ostareliya suka ƙara da cewa ramin ma sai mai zurfi ne yake tsare ta. Ga mota ɗaya, ga gaɓa ɗaya, amma sakamakon tuƙin tsakar rana da na tsakar dare ya sha bamban.

Na biyu wani ɗan tsuntsu ne mai launin rairayi, Charadrius melodus, wanda danginsu ɗaya da zakaran ƙeƙuwa da muke gani a bakin tafkuna. Tsawonsa bai wuce santimita 18 ba. Ba ya saƙa sheƙa. Yakan ɗan tone busasshen rairayi ne ya zuba ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo, waɗanda mutum kan tsaya dab da su bai gan su ba. Bayan kwanaki kamar 27 sai a ƙyanƙyashe, kuma cikin 'yan sa'o'i 'ya'yan sun miƙe suna neman abinci da kansu, kamar 'yan tsaki. Sai sun yi kusan wata guda kafin su iya tashi sama. A cikin wannan wata dole su riƙa ratsawa daga busasshen rairayi zuwa layin tarkace da bakin ruwa, wato su tsallake daidai inda motoci ke bi.

A nan ne abin tausayin yake. Dabarar da Allah ya hore wa ɗan tsakon nan ta tsira daga shaho da sauran maharba ita ce ya lafe a ɗan kwari, ya yi shiru, launinsa ya ɓoye shi. Wannan dabara ta yi masa amfani tun fil azal, amma a gaban mota ita ce ajalinsa, domin kwarin da ya fi kusa da shi sau da yawa sawun tayar motar da ta wuce ne, kuma direban da ke tafe a baya cikin wannan sawu yake son sa tayarsa don kada ya kafe. A 1986 gwamnatin Amurka ta sanya tsuntsun cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu a gaɓar Atlantika. A wannan shekara ma'aurata 790 kacal aka ƙidaya a gaɓar, tun daga Kanada har kudu.

Na uku shi ne kunkurun teku, musamman mai ƙaton kan nan, Caretta caretta. Macen takan yi shekara kusan 30 a teku kafin ta balaga, sa'an nan ta komo yankin da aka ƙyanƙyashe ta. Da dare take fitowa, ta ja jiki zuwa busasshen rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da 100, ta rufe, ta koma. Ba ta sake waiwayarsu. Zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kimanin wata biyu, kuma shi ne ke yanke ko maza za a samu ko mata: idan zafin ya haura digiri 29 a ma'aunin Salshiyos mata sukan fi yawa, idan ya gaza maza su rinjaya.

Mota tana cutar da wannan halitta ta fuskoki da dama. Hasken fitila da ƙarar inji sukan sa uwar ta juya ba tare da ta yi ƙwai ba. Nauyin mota yana danne rairayin da ke bisa ramin. 'Ya'yan kuma, waɗanda tsawonsu bai fi santimita 5 ba, da dare suke fitowa, kuma suna gane teku ne ta hanyar nufar ɓangaren da sararin sama ya fi haske, saboda haka fitilar mota na iya karkatar da su zuwa tudu. Sai kuma sawun taya. A rairayi mai laushi zurfinsa yakan ninka tsawon jaririn kunkuru, idan ya faɗa ciki sai ya kasa hawa, ya yi ta bin sawun a tsawonsa maimakon ya tsallake zuwa ruwa. Paul Hosier da abokan aikinsa sun nuna wannan jinkiri a binciken da suka buga a 1981. Kowane minti da jaririn ya ƙara a tudu dama ce ga tsuntsaye da ƙaguwa, domin ita ƙaguwar da muka tausaya wa ɗazu tana cikin manyan masu cin jariran kunkuru. An ƙiyasta cewa ko babu mota, kimanin ɗaya cikin dubu ne ke kaiwa ga balaga.

Rikicin Cape Hatteras

Wurin da aka fi gwabzawa a kan wannan batu shi ne Cape Hatteras, wani jerin siraran tsibirai na rairayi a Jihar Karolina ta Arewa, mai tsawon fiye da kilomita 100. Majalisar Dokokin Amurka ta amince a keɓe shi a 1937, aka kafa shi a 1953, ya zama gaɓar teku ta farko da ƙasar ta keɓe ta wannan hanya. Duk halittu ukun da muka ambata suna zaune a can. Amma akwai mutane kuma. A tsakiyar wurin akwai ƙauyuka irin su Buxton da Avon da Ocracoke, waɗanda kakanninsu masunta ne, kuma kafin a shimfiɗa musu kwalta bakin tekun shi ne hanyar motarsu. A 1952 shugaban Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, Conrad Wirth, ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ba su tabbacin cewa keɓe wurin ba zai raba su da tekunsu ba. Har yau suna tunawa da wannan wasiƙa.

Da motocin jif, waɗanda tayoyinsu huɗu duka ke ja, suka yawaita a hannun jama'a, sai lamarin ya sake kama. Masu kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi suka riƙa zuwa daga jihohi masu nisa, su rage iskar taya kamar yadda direbobin hanyar Agadas zuwa Bilma suke yi, su jera motoci ɗaruruwa a bakin ruwa. Otal-otal da kantunan kayan kamun kifi da gidajen abinci na ƙauyukan suka dogara da su.

A 1972 Shugaba Richard Nixon ya ba da umarni cewa kowace hukuma mai kula da filin gwamnatin tarayya ta fitar da tsari mai fayyace inda irin waɗannan motoci za su bi da inda ba za su bi ba. Shugaba Jimmy Carter ya ƙarfafa umarnin a 1977. Amma a Cape Hatteras aka yi ta jan ƙafa har shekara 35 babu cikakken tsari, domin kowa ya san duk wanda ya taɓo zancen ya taɓo gidan rina. A watan Yulin 2007 wani alƙalin kotun tarayya, Terrence Boyle, yana shari'ar wani mai tuƙin ganganci, ya lura cewa tun da babu tsarin da doka ta nema, to tuƙin da ake yi a gaɓar ma bai halatta ba. A watan Oktoba na wannan shekara ƙungiyoyin kare halittu biyu, Audubon da Defenders of Wildlife, suka kai hukumar ƙara. A watan Afrilun 2008 aka yi sulhu a gaban kotu, aka kafa ƙa'idojin wucin gadi. Wadda ta fi tayar da ƙura a cikinsu ita ce, duk inda aka ga ɗan tsakon tsuntsun nan da bai fara tashi ba, a hana mota kusantarsa da tazarar mita 1,000.

Mai karatu ya kwatanta wannan a ransa. Tsibirin siriri ne, saboda haka kewaye tsako ɗaya da irin wannan tazara yana nufin toshe gaɓar daga tudu har ruwa, har da duk abin da ke gaba da wurin. Kuma tsuntsun ya fi son ƙarshen tsibirai da kusurwar da ake kira Cape Point, waɗanda su ne wuraren da kifi ya fi kamuwa. Mutanen ƙauyukan suka fusata ƙwarai. Wasu suka manna takardu a motocinsu masu cewa naman tsuntsun daɗinsa ɗaya da na kaza. Ɗaya ɓangaren kuma ya sami hujja mai ƙarfi a watan Yunin 2010, lokacin da aka wayi gari aka tarar da gawar wata uwar kunkuru a tsibirin Ocracoke, mota ta take ta cikin dare, a sa'o'in da aka hana tuƙi.

Cikakkiyar doka ta fara aiki a ranar 15 ga Fabrairu, 2012. Ta raba gaɓar kashi uku: kimanin kilomita 45 da mota za ta iya bi duk shekara, kilomita 21 da ake buɗewa a wasu watanni kawai, da kilomita 42 da aka bar wa masu tafiya a ƙasa da halittu. Ta wajabta yankar takardar izini, wadda a lokacin kuɗinta dala 120 ne na shekara ko dala 50 na mako guda, kuma sai mutum ya kalli ɗan gajeren fim na wayar da kai kafin a ba shi. Ta ƙayyade gudu kada ya wuce kilomita 24 a sa'a. Ta hana hawa tuddai. Ta kuma hana tuƙin dare, daga ƙarfe 9 zuwa 7 na safe, a watannin da kunkuru ke ƙwai, tun daga farkon Mayu. Dalilin jinkirta buɗewa da safe shi ne a ba ma'aikata damar zagaya gaɓar da asuba, su nemi sawun kunkurun da ta fito da dare, su kafa shinge a ramin kafin motoci su shigo. Idan ɗalibi ya duba da kyau zai ga kusan kowane sashe na dokar yana da tushe a ɗabi'ar wata halitta.

Ba a nan aka tsaya ba. Mazauna yankin suka kai kukansu Majalisa, a watan Disambar 2014 ta umarci hukumar da ta sake duba tazarar da take shatawa. A 2015 aka rage ta, bisa sharaɗin ma'aikata su riƙa sa ido a kan tsakin sosai, daga baya kuma aka yarda a riƙa buɗe wasu wurare da sassafe fiye da da.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A 2007 ramukan ƙwan kunkuru 82 aka ƙidaya a Cape Hatteras. A 2012 aka sami 222, a 2019 kuma 473. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai yi saurin cewa doka ta yi aiki, amma ɗalibin kimiyya ya kamata ya dakata. A cikin waɗannan shekaru yawan ramukan kunkuru ya ƙaru a sauran gaɓoɓin kudu maso gabashin Amurka, har da inda mota ba ta taɓa shiga ba. Kuma uwar da ta yi ƙwai a 2012 an ƙyanƙyashe ta ne tun wajen 1980. Wani babban kaso na ƙaruwar ya samo asali daga matakan da aka ɗauka tun wancan zamani, kamar tilasta wa jiragen kamun jatanlande su sanya wa komarsu ƙofar da kunkuru zai kuɓuta ta ciki. Abin da za a iya danganta wa dokar tuƙi kai tsaye shi ne ba uwa damar yin ƙwai cikin duhu da natsuwa, da ba jarirai hanya mai santsi zuwa ruwa. Ribar wannan kuwa sai nan da shekara 30 za a ƙirga ta.

Shi kuwa tsuntsun, a gaɓar Atlantika baki ɗaya ya haura ma'aurata 2,000 zuwa 2021, mafi yawan ƙaruwar a arewa ne, musamman Jihar Massachusetts. A Cape Hatteras kanta bai taɓa kai ma'aurata 20 ba tun da aka fara ƙidaya, domin ban da mota akwai guguwa da ke share ƙwai, akwai yanyawa da kyanwoyin da suka koma daji. A ganina wannan bai rushe hujjar dokar ba, domin guguwa ba ta jin umarnin kowa, mota kuwa tana ji. Amma ya nuna cewa masu kare halittu ba su kyauta ba a duk lokacin da suka ɗora wa direba laifin komai, alhali kuwa mai kanti a Buxton da cinikinsa ya ragu yana da tasa gaskiyar.

Hanyar Afirka ta Kudu

Afirka ta Kudu ta bi gajeriyar hanya. A watan Disambar 2001 ministan muhalli na lokacin, Valli Moosa, ya fitar da dokar da ta hana tuƙin shaƙatawa a duk gaɓar ƙasar mai tsawon kusan kilomita 3,000, ta fara aiki a Janairun 2002. An bar ƙofa ga masu aikin ceto, da masu bincike, da naƙasassu, da wuraren da aka amince a riƙa saukar da kwale-kwale. An sabunta dokar a 2014. Masu nazarin tsuntsaye sun ba da rahoto a 2004 cewa tsuntsayen gaɓa sun fara komawa wuraren da suka ƙaurace wa. Wani baƙin tsuntsu mai jan baki, Haematopus moquini, wanda shi ma a kan rairayi yake ƙwai daidai lokacin hutun ƙarshen shekara, ya ƙaru har aka cire shi daga jerin waɗanda ake jin tsoron makomarsu a 2017. A nan ma akwai wani dalili na biyu: wata baƙuwar halitta mai ɓawo biyu, 'yar asalin Bahar Rum, ta mamaye duwatsun gaɓar, ta zame masa abinci mai yawa.

Hani na gaba ɗaya ya fi sauƙin fahimta da sauƙin tsarewa, kuma ba ya bukatar ma'aikacin da zai kwana yana gadin tsako ɗaya. Tsarin Cape Hatteras ya fi sassauci ga jama'a, amma yana cin kuɗi da ma'aikata, kuma taswirar inda aka buɗe da inda aka rufe tana sauyawa kusan kullum a lokacin hayayyafa. Ƙasar da ba ta da ma'aikatan da za su zagaya gaɓa kowace asuba, idan ta kwaikwayi tsarin Amurka, a takarda kawai zai tsaya.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kunkurun teku yana ƙwai a wasu sassanta, kuma a wuraren shaƙatawa na Legas ana hayar babura masu taya huɗu a kan rairayi. Mu na arewa kuma muna da abin da ya yi kama da wannan. Idan rani ya yi, ruwan Kwara da Binuwai ya ja baya, tsibiran yashi sukan bayyana, kuma akwai tsuntsayen da a kansu suke ƙwai. Ɗaya daga cikinsu, Pluvianus aegyptius, binne ƙwansa yake yi a yashi idan zai tashi, da tsakar rana kuma ya jiƙa gashin cikinsa a kogi ya zo ya sanyaya wurin. A daidai wannan lokaci ne motocin tifa ke gangarawa ɗiban yashi. Malamin da makarantarsa ke kusa da irin wannan kogi yana iya fita da ɗalibansa da rula da littafin rubutu, su auna zurfin sawun tifa a jiƙaƙƙen yashi da busasshe, su ƙirga ramukan ƙwari da sawun tsuntsaye a murabba'in mita goma inda mota ke bi da inda ba ta bi, su maimaita da safe da yamma har tsawon mako biyu, sa'an nan su kwatanta abin da suka samu.